Muryar Inna a Wayar Yaya

Yaya ne ya ɗauki Auta a waya ya watsa wa duniya. Matarsa ce ta buga murafen tukunya. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ɗaki, yana gani, bai hana ba.

Auta ya haura shekara ashirin, gemu ya fara fito masa. Tun yana ƙarami likita ya ce galahanga ce, ba hauka ba, haka aka halicce shi. Ba ya kallon mutum ido cikin ido. Ba ya son a taɓa shi ba zato. Ƙara mai ƙarfi kuwa shiga masa kai take yi kamar ƙusa. In ta same shi sai ya toshe kunnuwa, ya riƙa rausayawa gaba da baya, ya faɗi abin da Inna take faɗa masa kafin ta rasu. Da muryarta yake faɗa, siririya, har da ɗan tarin da take yi a tsakiya.

"Ga ni nan, ɗan albarka. Yanzu zai wuce."

In ya maimaita kaɗan sai numfashinsa ya dawo, ya sauke hannu, ya koma kan abin da yake yi. Wannan ne maganinsa. Ba shi da wani.

Kuma yana da aiki. Mutanen gidan sun fi saurin mantawa da wannan. Guga yake yi a wani shagon wanki da guga, a layin da ke bayan asibiti. Ba wanda ya nema masa. Shi ya riƙa tsayawa a ƙofar shagon yana kallo, har mai shagon ya gaji ya miƙa masa dutsen guga ya ce ya gwada. Yana farawa da kwala, sannan hannu, sannan baya. Yana rataye kaya bakin kowace hanga na kallon bango. Maigida, wato mai shagon, mutum ne marar yawan magana. Ya rage sautin rediyonsa saboda Auta, kuma kafin ya tayar da injin wanki sai ya ce, "Mai guga, zan kunna." Akwai kuma Dogo, wanda yake wanki a baya, bakinsa ba ya hutawa.

A gida sunansa Auta, ko "yaron nan". A shago sunansa Mai guga.

Ranar hutu ce. Murfin tukunya ya suɓuce wa matar Yaya ya faɗi a siminti. Auta yana tsugune yana goge takalminsa na aiki. Ya saki takalmin ya toshe kunne, muryar Inna ta fito.

Yaya yana kwance a tabarma yana latsa waya. Shi yake sayar da wayoyi da caja a kasuwa, shi yake ciyar da gidan. Ya tashi zaune yana dariya.

"Ke, sake. Tsaya in saita."

"Haba dai."

"Sake mana. Ɗauki biyu ki haɗa su."

Ta ɗauki biyu ta haɗa su. Auta ya durƙushe a jikin bango yana rausayawa, yana kiran kansa ɗan albarka da muryar mace. Baba ya ɗaga kai da ya ji muryar matarsa.

Da abin ya lafa Auta ya ɗauki takalminsa. Yana kallon ƙasa ya ce, "Anti, me ya sa kika buga?"

"Wasa ne, Auta."

"Ban ji daɗi ba."

Yaya ya ce, "Kai da ma me kake jin daɗinsa? Je ka goge takalminka."

Ya ɗora bidiyon a intanet. A ƙasa ya rubuta: "Tsohuwarmu ta dawo."

Ba a daɗe ba maganar ta riga Auta zuwa titi. Yana tafiya aiki da safe, yana bin gefen kwata kamar kullum, sai wani mai shayi ya buga cokali a jikin tukunyarsa ya ce da siririyar murya, "Yanzu zai wuce." Masu zaune a benci suka fashe da dariya. Auta bai gane ba. Ya ɗauka mutumin ya san Inna ne. Har ya gaishe shi.

A shago ne ya gane. Wasu samari biyu suka shigo da riga guda wadda ba ta bukatar guga. Ɗaya ya miƙa rigar, ɗayan ya koma baya ya daki ƙofar ƙarfe da tafin hannu. Auta ya toshe kunne ya faɗi maganar Inna. Da ya buɗe ido sai ya ga waya a saitin fuskarsa. Dogo ya fito daga baya hannu duk kumfa.

"Ku 'yan iskan ina ne? Ku fita kafin in wanke ku in shanya."

Suka fita suna dariya, suka bar rigar.

Auta ya ce, "Ina suka ji maganar Inna?"

Dogo ya goge hannu a wando. Ya kalli Maigida, Maigida ya kau da kai.

"Dogo, ina suka ji?"

Dogo ya ciro wayarsa ya nuna masa. Auta bai taɓa ganin kansa a wannan hali ba. Ya ga ƙaton saurayi mai gemu a durƙushe, baki a karkace, yana magana kamar tsohuwa. Ya ji dariyar Yaya a bayan waya. Ya ga ƙafar Baba a gefe, cikin silifas, ba ta motsa ba. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya sa yatsa ya gangara ƙasa, ya riƙa karanta abin da mutane suka rubuta, a fili, murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa.

"Aljanar uwarsa ce. A kai shi gidan mahaukata. Na yi dariya har da hawaye. A ƙaro wani."

Dogo ya karɓe wayar.

"Haka nake yi?" in ji Auta.

"Kowa da yadda yake yi, Mai guga. Ni in na tsorata uwata nake kira, ita kuwa tana raye, zagina kawai take yi."

Auta bai yi dariya ba. Ya koma teburinsa. Ranar ya goge kwalar riga guda har ta yi ƙyalli, bai ɗago kai ba, ko da kwastoma ya gaishe shi. Da can bai san kunya irin wannan ba. A waya aka koya masa.

Da ya koma gida ya tsaya a kan Yaya yana cin abinci.

"Yaya, ka goge."

"In goge me?"

"Inna."

Yaya ya suɗe hannu. "Ko na goge ya riga ya fita hannuna. Kowa ya kwafa. Kuma kai ba ka san alherin da nake maka ba. Wa ya san da kai a da? Yanzu duk inda na shiga sai a ce ina ƙanen nan naka. Wayar da kan jama'a nake yi a kan irin lalurarka. Mutane da yawa ba su san akwai irinku ba."

"Suna ce a kai ni gidan mahaukata."

"Wannan jahilai ne. Ka daina karantawa."

Matar Yaya ta ce daga bakin murhu, "Ni da nake dafa maka, in ware maka naka ba yaji, miya ba ta taɓa shinkafa ba, ɗan wasan da za a yi da kai ne ya zama laifi?"

Auta ya juya wajen kujerar roba. "Baba, ka ce ya goge."

Baba tsohon direba ne. Ido ya ƙi, ya ajiye mota, ya dawo cin na ɗa. Ya gyara zama.

"Yayanka ne. Ba zai cuce ka ba."

"Ya cuce ni."

"Je ka wanke hannu ka ci abinci."

Baki ya ci, ido ya ji kunya. Amma ba wannan kaɗai ne ya rufe bakin Baba ba. In Auta ya fita aiki, Baba yakan kira Yaya ya ce, "Kunna min abin nan." Ba ya kallon hoton. A kunne yake karawa, ya runtse ido, ya ji tarin nan na tsakiya. In ya ƙare ya ce, "Sake." Yaya ya lura. Daga nan ya san ba mai hana shi a gidan.

Sai aka yi bidiyo na biyu, aka yi na uku. An hura leda an fasa masa a bayan kunne yana shan ruwa. An saki faranti a ƙofar banɗaki yana fitowa. Auta ya sayo auduga ya riƙa cusawa a kunne. Da safe ya neme ta a inda ya ajiye, babu. Matar Yaya ta ce wataƙila ɓera ne. Ya koma cin abinci a ɗaki, bayansa a jikin ƙofa. Yaya ya ce wannan rashin tarbiyya ne, mutum ya ci tare da 'yan'uwansa.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tunda na gida sun yi, na waje ba su ga abin jin nauyi ba. Ƙofar shagon ta zama wurin tsayawa. 'Yan makaranta in an tashi, masu babur in ba fasinja, har da wani magidanci da ya kawo 'ya'yansa su gani. Maigida ya kore su, suka koma tsallaken titi. Ya juyar da teburin guga ya kalli bango. Tsofaffin kwastomomi suka fara aiko yara da kaya maimakon su zo da kansu, wasu suka daina aikowa.

Wata rana da azahar Auta yana goge farar rigar aiki ta wata nas ta asibitin. Tana tsaye tana jira, za ta shiga aiki. Wani mai babur ya hauro har bakin ƙofa ya danna hon ya riƙe. Auta ya saki dutsen guga ya kai hannu kunne. Ya san wayoyi na jiransa a waje, don haka ya datse haƙora, ya ƙi faɗar maganar Inna. Da bai faɗa ba, abin bai wuce ba. Ya tsaya yana karkarwa, dutsen guga yana kwance a kan rigar, har warin ƙuna ya kai wa Dogo a baya.

Nas ɗin ta ɗaga rigar. Shatin dutsen guga ya fito a bayanta, ja kamar gasasshen burodi. Ba ta yi faɗa ba. Ta kalli Auta, ta kalli masu wayoyi, ta naɗe rigar ta sa a jaka ta fita. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Tunda ya fara aiki bai taɓa ƙona ko hankici ba.

Maigida ya ja ƙofa ya rufe. Ya zare filogin dutsen guga, ya jira har Auta ya sauke hannu.

"Mai guga, zauna."

"Na ƙona."

"Na gani. Ni zan ji da ita. Saurara. Ba korarka nake yi ba. Teburinka yana nan, ba mai taɓa shi. Amma shago ba gidan kallo ba ne. Ka zauna a gida tukuna."

"Har yaushe?"

"Mutanen nan ƙudaje ne. In ba a zuba musu sabo ba za su gaji su tashi. In sun gaji ka dawo."

"In babu sabo za su gaji."

"Haka ne."

"In sun gaji in dawo."

"Haka na ce."

Auta ya naɗe wayar dutsen guga yadda yake naɗewa kullum. Ya gyara wata hanga da ta juya. Dogo ya raka shi ta ƙofar baya, bai yi barkwanci ko ɗaya ba.

Washegari Maigida ya zo gidan da kansa. Ya sami Baba a kujerar roba. Suka gaisa, aka kawo masa ruwa bai sha ba.

"Na zo ne a kan ɗanka. Ma'aikaci ne. Ban taɓa samun kamarsa ba, kuma daga gidan nan ake ɓata masa aiki."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ka san yaran yanzu da waya."

"Wanne ne yaron? Mai mata, ko wanda yake riga ni zuwa shago?"

Maigida ya ci gaba.

"Kai ne uba. Magana ɗaya ce."

"Zan yi masa magana, in sha Allahu."

Da yamma Yaya ya shigo da leda. Ya ciro maganin idon Baba, ya tsuguna ya ɗiga masa da kansa, ya goge masa kumatu da gefen riga. Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Maganar da ya shirya ta koma ciki tare da yawu.

Auta bai canja lokacin tashi ba. Ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya sa takalmi, ya tsaya a tsakar gida har lokacin fita ya wuce. Sannan ya shiga ɗaki ya shimfiɗa bargo a ƙasa ya kunna tsohon dutsen gugar gidan. Ya goge kayan Baba. Ya goge labule. Da kaya suka ƙare ya sake goge waɗanda ya goge.

Yaya ya leƙo. "To, Malam, an kore ka ke nan."

"Ba a kore ni ba. Teburina yana nan."

"Haka ake faɗa. Ka kwantar da hankalinka, guga da ma aiki ne? Ga aiki a gida. Ni da kai. Kai ka yi, ni in ɗauka."

Auta ya juya rigar ya kama hannunta.

An saki faranti a ranar. Ya toshe kunne, bai faɗa ba. An fasa leda washegari. Ya sa wuyan hannunsa a baki ya ciza har ya yi jini, bai faɗa ba. Abin da a da yake wucewa kafin shayi ya huce, yanzu yini yake yi a jikinsa. Ya kwanta a siminti ya ƙi abinci. Ya yi amai. Goshinsa ya kumbura inda ya riƙa buga shi a bango. Matar Yaya ta ajiye masa kwano a bakin ƙofa, ta tsaya tana jin bugun, sannan ta koma kicin ta rufo ƙofa.

Yaya ya ɗora bidiyon da babu magana a ciki. Masu kallo ba su so ba. Suka ce ina muryar tsohuwa. Wasu suka ce da ma ƙarya ce, shiryawa ake yi. Yaya ya shigo gida ransa a ɓace.

"Taurin kai ne kawai. Ya mai da ni maƙaryaci a idon mutane."

A gidan nan mutum huɗu ne. Ɗaya daga cikinsu ne likita ya ce yana shan wuya wajen gane abin da ke zuciyar mutane. Sauran ukun ba wanda ya taɓa kai su wajen likita.

Da hantsi Yaya ya jingina waya a jikin bokiti, ya saita ta tsakar gida. Ya kira Auta. Auta ya fito cikin rigar aiki, karin guga a miƙe, wuyan hannu a ɗaure da tsumma. Yaya ya miƙa wa matarsa murafen.

"Ni dai hannuna ya gaji," in ji ta.

"Yau kika san haka?"

Ba ta karɓa ba, ba ta kuma tafi ba. Ta tsaya tana kallon farcenta. Yaya ya matso kusa da kunnen ƙaninsa ya haɗa murafen da kansa. Ya sake. Ya sake.

Auta ya toshe kunne. Ya jingina da bango ya ƙi durƙusawa. Gumi ya jiƙa kwalar da ya goge. Maganar tana nan a bakin haƙora, kowa yana ganinta.

"Faɗa mana, ɗan iska. Me zai rage ka?"

Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe. Yaya ya dakata, ya ɗauka za a hana shi. Matarsa ma ta ɗago kai. Baba ya lallaɓa ta jikin bango har ya iso gaban Auta. Bai kalli Yaya ba, bai kalli wayar ba.

"Auta," ya ce a hankali. "Faɗa ka huta. Dubi jikinka."

Auta yana numfashi ta baki.

"Sau ɗaya. Ba don wayarsa ba." Muryar Baba ta yi ƙasa. "Don ni. In ji ta."

Ana jin famfo yana ɗiga a bokiti.

Auta ya sauke hannu ɗaya, sannan ɗayan. Ya ja rigarsa ƙasa ya gyara ta. Ya kalli silifas ɗin Baba, waɗanda ya gani a wayar Dogo. Da ya yi magana da muryarsa ya yi, mai kauri, ta namiji, wadda gidan bai cika ji ba.

"Ni Inna take faɗa wa. Ba ku ba."

"Auta..."

"Aiki zan koma, Baba. Ba zan faɗa ba."